Sanda Mai Lamba Uku

Sialkot, 14 ga Satumba

Zuwa ga Uwar Jawad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Jawad da mai jego da tagwayen. Yaya gwiwar taki? Zafin Karachi bai tayar mata ba? Ki shafa mini kan yaran, ki ce kakansu yana nan tafe in aiki ya lafa. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

'Yarmu Nighat ta ce kina ta faɗa wai ba na ɗaukar waya. Ba ƙin ɗauka nake yi ba. Wayoyin yanzu ne, mutum yana magana kamar daga cikin rijiya. Shi ya sa na koma wa takarda, yadda muka saba lokacin da nake koyon aiki a Lahore kina gidan iyayenki. Ni ban ma san abin da ya samu garin nan ba, kowa ya koma magana ciki-ciki. Har lasifikar masallacinmu ta yi sanyi, sau biyu ina makara asuba. Na yi wa maƙwabcinmu Haji Rafique magana tunda shi ke kula da ita, ya tsaya yana kallona kamar na zage shi.

To ga babban labari. Tabrez naki, wanda kike ɗura wa lassi, nonon nan mai sanyi, tun yana ɗan shekara goma sha huɗu in ya kawo gyaran sandar buga ƙwallon kurket, an sa shi cikin tawagar ƙasa. Gasar kofin duniya ta gajeren kurket za shi, yana da shekara talatin da ɗaya, bayan duk mun cire rai. Ranar Litinin da ta wuce ya zo shago da ƙatuwar mota, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ce sanduna uku yake so.

Kin san muryarsa, kamar ta mai tallan kifi. Ya ce, “Ustad ji, ni abu ɗaya nake roƙon Allah. Ɗari. A dogon wasa na kwana biyar mai haƙuri yana iya tara maki ɗari. Amma a wannan, ƙwallo ɗari da ashirin kacal za mu raba mu duka. Waɗanda suka taɓa yin ɗari a gasar nan 'yan ƙalilan ne a duniya. Ina so a rubuta sunana cikinsu.”

Na ce, “Ka samu ashirin tukuna, sarkin buri.”

Muka shiga rumbun itace. Sabon itacen Ingila ya iso, sai ƙamshi. Na riƙa ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da gudumar katako ina kangawa a kunne, shi kuma ya yi tsit ya riƙe numfashi, yadda yake yi tun yana yaro. Na fitar masa da wani fari tas, layukansa goma sha ɗaya a miƙe kamar an ja su da zare. Na ce wannan ne lamba ɗaya. Na samu na biyu kusa da shi.

Ana cikin haka 'yar taki Nighat ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta kawo mana shayi. Maimakon ta ajiye ta tafi, sai ta ɗauki gudumata ta bugi wani gungume da na jefar gefe, mai baƙin tabo a ƙasansa, layi shida kawai. Ta sake bugawa. Ta ce, “Abba ji, wannan fa yana amsawa.” A gaban baƙo! Na ce mata ta je ta amsa wa ɗalibanta. Tabrez, da yake kiranta Baji, wato yaya, ya yi dariya ya ce, “Ustad ji, ka yi mini ta ukun da na Baji Nighat, in riƙa atisaye da ita.” Don kada in kunyata ta na yarda. Na sassaƙa su duka ukun da hannuna, na rubuta lambobin a kan mariƙi. Kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa zai manna tambarinsa a kai, duniya ta ɗauka su suka yi. Wannan bai taɓa damuna ba. Masu bugu sun san shagon wa za su zo.

Ki gaishe da kowa. Ki daina faɗa a kan waya, ki rubuto.

Mijinki,
Karam Din


Sialkot, 24 ga Oktoba

Uwar Jawad,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da yara da iyayensu. Takardarki ta iso, na karanta ta ya fi sau biyar. Na gode da addu'a. Wannan kuma ki karanta ta ke kaɗai, kada Jawad ya gani tukuna.

Na san kun kalli wasannin biyu. Maki tara a na farko, goma sha huɗu a na biyu. Duka biyun an fitar da shi, an cafe ƙwallon da ya buga a bakin igiyar iyaka, saura taku uku ƙwallon ya tsallake. A wurin mai shayi kowa ya zama koci. Wannan ya ce ya tsufa, wancan ya ce hannunsa ya mutu, Haji Rafique da bai taɓa riƙe sanda ba ya ce matsalar a ƙafarsa take. Jaridu sun rubuta cewa in bai yi abin kirki ranar Juma'a mai zuwa ba za a ajiye shi. A shekarunsa wanda aka ajiye ba ya dawowa.

Ni kuwa na kalli bugun nan biyu da aka yi ta maimaitawa a hankali. Ƙafarsa daidai, kansa daidai, ƙwallon ya sauka a tsakiyar sanda cif. Bugu irin wannan ya kamata ya faɗa cikin 'yan kallo. Ba laifin yaron ba ne. Sandar ce ba ta da rai, kuma lamba ɗaya ce.

Bari in daina kewaye-kewaye. Ba na ji, Uwar Jawad. Tun zazzaɓin nan da na yi bayan tafiyarki kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma sai abu mai ƙarfi, shi ma in mutum yana gabana ina kallon bakinsa. Lafiyar lasifika ƙalau, lafiyar waya ƙalau. Na je asibiti a ɓoye. Likita ya ce ƙarar injin shago ta shekara arba'in da biyu ce ta cinye shi a hankali, zazzaɓin ya ƙarasa. Ya ce na'ura za ta dawo mini da maganar mutane, amma siririyar ƙarar nan da itace mai rai yake yi, ita kam sai haƙuri.

Kin gane abin da na yi ke nan? Ranar da Tabrez ya zo, na buga, na kanga a kunne, na lumshe ido, na gyaɗa kai. Wallahi ban ji komai ba. Da ido na zaɓa, kamar kowane ɗan koyo da farin itace yake ruɗa. Ni da nake korar yara daga shago in suka yabi itace don kyansa! Ni da nake cewa itace ba amarya ba ce! Yaron ya riƙe numfashi yana kallona, ni ina yi masa wasan kwaikwayo.

Kuma ina jin Nighat ta daɗe da sani. Yanzu da na tuna, ta daina kirana daga tsakar gida. Sai ta zo gabana ta tsaya sannan ta yi magana. In waya ta yi ƙara, ita ke riga ni ɗauka ta ce tana kusa. Ranar nan a rumbu ba rashin kunya ta yi ba, ceto na take so ta yi, na gwale ta. Tun tana 'yar shekara bakwai take zama gefena tana dakan sabbin sanduna da guduma. Jawad na sa a gaba shekara goma ina koya masa, ya tattara ya tafi aikin banki. Ita ban taɓa ko tambayarta abin da take ji ba.

Yanzu ga inda nake. In na faɗa wa Tabrez gaskiya, magana ba ta kwana a garin nan. Ba wanda zai sake kawo wa kurma zaɓen itace, kuma ni ban da wani abu sai kunnen nan. Ban gina kamfani ba, ban da tambari, suna kawai gare ni. In kuma na yi shiru, zai sake fita da matacciyar sanda, a ajiye shi, ya ƙare rayuwarsa yana zaton shi ne ya kasa. Na san wanda ya dace. Ba sani ne ya gagare ni ba, tsoro nake ji, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa haka.

Na ba direban motar Karachi takardar nan don ta riga gidan waya. Ki yi mini addu'a.

Naki,
Karam Din


Sialkot, 29 ga Oktoba

Uwar Jawad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Allah ya sa gwiwar ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso ta wayar Nighat, ta miƙo mini na karanta: “Ka faɗa masa. Kuma ni tun kafin in taho na lura.” Haba, Uwar Jawad! Ashe duk gidan ni kaɗai nake zaton ina da sirri.

Sai dai kafin saƙon naki ya zo na riga na gwada hanyar matsorata. Na sa Nighat ta rubuta masa cewa Ustad ji ya ce ya fita da lamba uku ranar Juma'a. Ba dalili, ba bayani. Na ce ai in ya yi biyayya shi ke nan, asirina a rufe, shi ma ya tsira. Ba a yi minti goma ba ya amso. Wai, “Ki gaya wa Ustad ji na san lallashina yake yi. Shekara goma sha bakwai ban taɓa shiga babban wasa da wata sanda ba sai wadda ya sa wa lamba ɗaya. Sandarsa ba ta da laifi, ni ne mai laifi. Da ita zan fita, in mutuwa ce in mutu da ita.”

Kin ji fa. Kin san 'yan wasan nan da camfi, wanda ke fara ɗaura kariyar ƙafar hagu ba ya taɓa fara ta dama. Yardar da ya yi da ni ita ce za ta kashe shi. Na karanta, na ajiye wayar, na shiga rumbu na zauna a kan itace har aka yi la'asar ban sani ba.

Jiya da hantsi na ce wa Nighat ta kira shi ta inda ake ganin fuska. Ta jingina wayar a jikin kwalbar man sanda, ta tsaya bayana. Ya fito yana murmushi, tawul a wuya. Na ce, “Tabrez, kada ka katse ni, don ko ka yi magana ba zan ji ba.” Na faɗa masa komai. Zazzaɓin, likitan, gyaɗa kan da na yi a rumbu. Na ce, “Sanduna uku ka tafi da su, ɗaya ce kawai kunne ya zaɓa, kuma ba kunnena ba ne. Bugun nan biyu da aka cafe ka, ni aka cafe.”

Ina magana ina kallon murmushin yana bajewa. Sannan bakinsa ya motsa, gajeriyar magana, fuskar ta ɓace.

Na juya na ce, “Me ya ce?” Ta ce, “Ba komai, Abba ji, layin ne ya yanke.” Na ce, “Ke, ni kurma ne, ba makaho ba.” Ta ɗauki fensirin da nake sa lamba da shi ta rubuta a bayan wani katako: “Da ka faɗa mini a rumbu, da na sumbaci hannunka. Ka bar ni na zo kofin duniya da ƙarya.”

Ban ji haushinsa ba. Daidai ya faɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabin farko na maganar, don na san da gaske yake, da ya sumbata ɗin.

Gobe ne wasan, da azahar. Ban san da wacce zai fita ba. Mai yiwuwa ya jefar da duka ukun ya ari ta wani, kuma ba zan ga laifinsa ba. Nighat ta dafa mini shinkafa da miyar wake yadda kike yi, na ci don kada ta damu.

Ki sa yaron a addu'a, ba ni ba.

Mijinki,
Karam Din


Sialkot, 4 ga Nuwamba

Uwar Jawad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji kun yi rabon alewa a unguwa, Allah ya karɓa. Kun ga wasan, amma ba ku ga ɗakinmu ba, bari in ba ki labari.

Bayan an sauko Juma'a maƙwabta suka cika mana ɗaki, ba wanda ya san komai cikinsu. Da ya fito daga rumfar 'yan wasa na matsa har hancina ya kusa taɓa talabijin. Tambarin kamfani ya rufe fuskar sandar, amma da ya ƙwanƙwasa ta a ƙasa sai ga baƙin tabon nan a gindinta. Na waiwaya. Nighat ta toshe baki da gyalenta.

Ƙwallo biyar na farko bai yi komai ba, sai tarewa. Na shida ya ɗaga shi sama ta kan mai jifa. Ni dai na ga mai tsaron iyaka yana ja da baya yana shirya hannu, na ce an kuma. Amma Nighat ta riga ta ɗaga hannu biyu tun ƙwallon bai kai rabin hanya ba. Ya wuce ta kan mutumin ya faɗa sahu na goma na 'yan kallo, maki shida ke nan.

Daga nan na daina kallon talabijin sosai, ita nake kallo. Idonta a rufe take sauraro. Kowane bugu, kafin kowa a ɗakin ya sani, ita ta sani. In ya samu tsakiya sai kafaɗarta ta sauka, in ya kuskure sai ta yamutsa fuska. Haka nake yi a da, kin sha yi mini dariya a kai. Ban taɓa ganin yadda abin yake daga waje ba sai ranar.

Da ya kai casa'in ɗaki ya zama kamar an yi mutuwa. Kin san doka, ba mai motsawa daga inda yake zaune, don kada a karya wa mai bugu sa'a. Haji Rafique ya sha shayi kofi uku, ya miƙe zai zaga, mutum huɗu suka danne shi. Ya ce, “Jama'a, zan yi abin kunya!” Aka ce, “Yi a nan, Haji, mu wanke.” Wannan a bakinsu na karanta, kuma ita ce dariyar da na fara yi cikin sati biyu. Yana casa'in da takwas saura ƙwallo uku a tashi, ya sassare ƙwallon ta gefe, ya tafi a ƙasa har igiya, maki huɗu. Ɗari da biyu, a ƙwallo hamsin da bakwai. Ya tuɓe hular kwano, ya yi sujada, ya ɗaga sandar sama. Mutane suna tsalle suna rungume ni, bakuna a buɗe, suna cewa kunnen Ustad, kunnen Ustad. Ni ina tsakiyarsu shiru kamar a ƙarƙashin ruwa.

Na ɗaga hannu suka tsaya. Na ce, “Ba kunnena ba ne. Na Nighat ne. Ni na kurmance tun bazara.” Ban shirya faɗa ba, fitowa kawai ta yi. Suka yi cirko-cirko. Haji Rafique ya ce wani abu game da lasifikarsa, ya ruga bayan gida. Kafin magariba duk layin masu sanduna sun ji.

Za ki tambaya ko ya kira. Bai kira ba. Shekaranjiya na lura Nighat tana ɓoye mini wayarta, na matsa mata ta nuna mini. Saƙo ne daga gare shi tun ranar Asabar. Yana son sanduna shida, biyu nasa, huɗu na abokan wasansa. Ya fara da “Baji Nighat,” ya ƙare da godiya. Na karanta daga sama har ƙasa sau biyu ina neman sunana, ko gaisuwa, ko “ki ce wa Ustad ji.” Babu. Ya yi zafi, Uwar Jawad, ba zan ɓoye miki ba. Na yi kuka a rumbu kamar yaro. Ko zai huce wata rana, Allah ne ya sani, kuma ba ni da bakin roƙonsa.

Ta ce ba za ta karɓi aikin ba, ita malamar makaranta ce, ba ta taɓa riƙe wuƙar sassaƙa ba, kuma ba za ta zauna a kujerata ina raye ba. Na ce, “Wa ya ce ki zauna? A tsaye ake zaɓen itace.”

Jiya da ta taso daga makaranta muka shiga rumbu. Ita a gaba tana bugawa, ni a baya ina karɓa. Gungume arba'in ta ƙwanƙwasa, ta jefar da talatin da huɗu. A cikin waɗanda ta jefar akwai uku da zan iya rantsuwa a kansu, farare tas, layi a miƙe. Bakina ya buɗe da kansa, na rufe shi. Na rungumi shidan da ta ba ni, munana duka, na kai su kan benci. Yau da safe na fara sassaƙa ta farko. In na gama, ita za ta sa lamba.

Ki dawo haka nan, gidan ya yi mini faɗi. Ki gaishe da Jawad, yanzu kina iya ba shi takardun ya karanta.

Mijinki har kullum,
Karam Din